Gidan Bawa Ne Tsakiyar Sakkwato

Kaduna, 1958

Zuwa ga Yaya Abdulwahabu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyar Inna da yara? Ni lafiya lau nike, ɗakin hayar ne dai ke ɗan yoyo.

Yaya, hankalina ya tashi. A ofishin da nike koyon aikin ƙididdiga, an jera gidajen birnin Sakkwato bisa samunsu na shekara, daga mai ƙarfi har marar ƙarfi, aka ɗauki na tsakiya. Wallahi samun gidan nan bai wuce na maƙwabcinmu Bawa baduku ba, Bawan da Inna ke aika wa tuwo don tausayi. Ashe rabin garinmu ba su kai shi ba. Na duba na shekarun baya, abin bai motsa ba.

Don Allah a faɗa wa Baba, zakkar bana ta wuce ƙofar Bawa, akwai na bayansa.

A aiko min da ɗan gero in an samu mai tahowa. In na biya haya, ni ma ƙasan Bawa nike. Kada Inna ta ji.

Allah shi bar mu tare.

Ƙanenka,
Junaidu