Sakan Bakwai da Na Ƙirƙira

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya shagon gyaran agogo?

Ni lafiya lau, sai dai aiki. Duk hannun jarin da aka saya ko aka sayar, ni ke lura da lokacinsa a kwamfuta. Bayanan suna zuwa mana da awa da minti kawai, shugabanmu kuma ya dage sai ya ga har sakan. Na nemi a samo cikakku, ya ce in yi dabara. Sai na riƙa sa sakan ɗin da ka.

Yanzu an dakatar da wani dillali, dattijon da ke rage mini hanya kullum. Wai ya sayar sakan bakwai kafin a fitar da sanarwa, ashe ke nan an tsegunta masa. Baba, sakan bakwai ɗin nan ni na ƙirƙire su. Kwana uku ke nan na kasa cin abinci.

Kada ka gaya wa Inna. Ina ta tuna yadda kake hana mai agogo tafiya, ko yana sauri, sai ka saita masa da na rediyo.

Gobe da safe zan faɗa wa shugaba gaskiya. Ka sa ni a addu'a. In ka gan ni da akwatina, kada ka tambaye ni komai, ka dai matsa mini a bencin shago.

'Yarka,
Auta