Na Tura Takardar

Laraba da dare, Anka

Yau na tura takardar neman tallafin bincike kan mata da zaman lafiya a hulɗar ƙasashe. Kawu Sani ya ji, sai dariya: "Ke Hadiza, malamar firamare, mi kika sani kan ƙasashen waje?"

Na ce, "Kawu, bindigogin da suka kore mu daga ƙauyenmu ba a Anka aka ƙera su ba, iyaka suka tsallako."

Har yanzu raina na tafasa. Shekara uku ina zama da matan da aka kashe wa mazaje, ina rubuta maganarsu, masu taro a Abuja ba su taɓa tambayarsu komai ba. In ba a ɗauke ni ba, wallahi baɗi ma zan sake nema.