Kukumar Baba

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024
Na dawo daga Yanbu. Mutum goma sha tara suka zo sauraro, duk namu Hausawa. Da na karanta babi na huɗu, inda Baba yake goga kukuma a bikin manoma a ƙauyensu kafin ya zo Madina, wani tsoho ya rufe fuska da hirami. Ni da na tsaya a aji shida, yau ɗan littafina ya sa dattijo kuka. Tsohon kaset ɗin Baba na saurara a mota har Bi'ir Ali, bakin Madina.

Talata, 6 ga Fabrairu
Yaya Osman ya zo gidana a Al-Ranuna, ko zama bai yi ba. Wani ya tura masa bidiyon Yanbu. Ya ce, "Abdussamad, shekara arba'in Baba na ɗinki a garin nan, ba wanda ya san shi da roƙo. Kai za ka tona?" Na ce kiɗa ne, ba roƙo ba. Ya ce a wajen mutanen nan na unguwar Al-Khalidiyya duk ɗaya ne. 'Yarsu ɗansa Saif yake nema, kuma yanzu suke binciken asali.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Matata Munirat ta ce in bar babin, ai akwai saura goma.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Bayan salla na je wajen Inna. Na tambaye ta ko na yi laifi. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. "Ubanku da hannunsa ya fasa kukumar kafin mu hau jirgin ruwa." Sai ta ce in miƙo mata faranti. Ban san ko amsa ce ba.

Talata, 13 ga Fabrairu
Saif ya kira. Uban yarinyar zai zo karatun jibi. Da Larabci ya fara, ya ƙare da "Baffa, don Allah."

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Karatu a Ƙuba bayan la'asar. Uban yarinyar a sahun gaba, carbi a hannu. Yaya a bakin ƙofa, bai cire takalmi ba. Na gama babi na uku. Na juya shafi, na sake juyawa, na sake, sai ga ni a na biyar. Wajen shayi Yaya ya dafa min kafaɗa.

Asabar, 17 ga Fabrairu
Don Saif na yi, sau ɗaya ne. A Jidda zan karanta duka, in Allah ya yarda.

Ɗazu 'yata Nadiya ta kawo aikin makaranta, an ce su rubuta sana'ar kakanninsu. Daga ni sai ita a ɗakin, ba mai jin mu. Ta tambaya da Larabcinta, "Abuya, jaddi me yake yi?" Na ce tela. Ta ce, "Bas? Shi ke nan?" Na ce rubuta tela.

Rubutunta ya fi nawa kyau.