Abin da ya sa Hadiza ta hana ki yaji

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya yara, ya ƙafar Alhaji? Mu nan Tudun Wada lafiya lau.

Na ji kin yi fushi 'yarki Hadiza ta ƙi sayar miki da yajinta. Laifina ne. A darasin kasuwanci da nake koyarwa a kwalejinsu na hana ɗalibai sayar wa dangi, domin dangi kara suke yi, ba sa kushewa. Wata mata a Gyallesu ta ɗanɗana, ta ce, "Yarinya, gishiri kike sayarwa ko yaji?" Hadiza ta sha kuka, ta gyara. Jiya matar ta dawo saye, har da maƙwabtanta biyu!

Ki huce, Yaya, ki sa mata albarka. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi