Fim Ɗin Da Bai Ba Ni Dariya Ba

Challawa, Kano
Maris, 2006

Yaya Tabita,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Mama, yaya yara? Ni lafiya lau nake. Aikin fata ba laifi, warin ma na saba da shi, har wuri ake matsa mini a bas.

Ran Lahadi ni da Sulemanu, abokin ɗakina, mun kalli finafinan barkwanci biyu a gidan kallo, kowanne labarin abokai biyu ne. A na farko ɗayan wawa ne mai kirki, duk ɓarnarsa a kansa take ƙarewa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. A na biyu kuwa abokin fitinanne ne, ya cinye abincin ɗan'uwansa, ya sa kayansa, ya kunyata shi gaban budurwa. Kowa na ƙyaƙyatawa, ni ko murmushi na kasa. Yaya, irin wannan mutum daga nesa yake da daɗin kallo.

Da muka fito Sulemanu ya dafa ni yana share hawayen dariya, ya ce, "Obadiya, wai akwai mai iya zama da wannan marar kunya?" Rigar Kirsimeti da kika ɗinka mini ce fa a jikinsa.

Kada ki gaya wa Mama, ba faɗa muke ba, shi ya samo mini aikin. Amma in za ki aiko wata rigar, don Allah ki tsuke ta sosai. Ni na ɗan rame, shi kuwa ya yi tumbi.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenki,
Obadiya