Akwatin da Ke Jikin Aduwa

Laraba da dare, Gwange

Da safe na je garkena na Konduga, sai ga wani ɗan akwati ɗaure a jikin aduwa. A garin nan, akwatin da ba mai shi bam ne. Na zura da gudu, takalmina ɗaya yana can.

Ashe kyamara ce. Wata Malama Falmata, ɗaya daga cikin masu kula da namun daji, ita ta ɗaura ta. Duk abin da ya gitta sai ta ɗauke shi, ko cikin duhu. Ta biyo ni hanya da hoton da kyamarar ta ɗauka, ta ce, "Baba, yi haƙuri, zo ka ga baƙuwarka."

Innalillahi! Kura ce ƙatuwa, tana jan akuyata mai farin goshi da ta ɓace shekaranjiya. Ni da nake rantsuwa kuraye sun ƙare a dajin nan!

Jiya a ƙofar masallaci na kira maƙwabcina Modu ɓarawon awaki, don a gefen garkena yake noma. Ya ce kawai, "Allah yana gani."

Falmata murna take, wai kura ta dawo. Ni kuwa gobe da asuba sahu ɗaya zan tsaya da Modu.