Garin Shinkafa a Ƙofar Gidan Natesan

Zuwa ga Alamelu, matata, ruwan farko bayan dogon fari, furen yasmin da har yau yake ƙamshi a cikin furfura.

Sai yau na iya numfashi.

Tun da ƙanenki Natesan ya ɗauke ki zuwa gidansa don jinya, kin san ban taka ƙofarsa ba. Yana cikin waɗanda suka sallame ni daga haikali. Zanen da na ƙare ƙuruciyata ina koyo, ina sassaƙa shi a jan ƙarfe don masu ibada su zuba masa ido har zuciya ta natsu, wai yanzu ana buga shi a leda, ya fi araha. Duk da haka kullum da sassafe nake bi ta layinku, in saci kallon kolam ɗin da kike zanawa da garin shinkafa a bakin ƙofa. In na gan shi, na san kin tashi lafiya.

Ranar Talata na tarar da ƙasa fayau. An share, ba a zana komai ba. Wa bai san ma'anar wannan ba? Sai gidan da aka yi mutuwa ake barin ƙofarsa haka. Washegari ma haka. Na ce a raina, Natesan zai iya kai gawarki bakin kogi a ƙona ta bisa al'ada bai aiko mini ba. Na kasa ƙwanƙwasawa, Alamelu. Muddin ban tambaya ba, kina raye.

Yau ga zane, fari tas, layi yana zagaya ɗigo kamar kurangar kabewa. A gefen hagu yana ɗan rawa. Hannunki ne! Na zauna a ƙasa, tsofai-tsofai da ni. Ponnamma mai madara ta ce, "Malam, garin shinkafa kake yi wa kuka? Baffansu ne ya rasu a garin Madurai, jiya aka gama zaman makoki. Matarka tana ciki tana faɗa kan gishiri ya yi yawa."

Kin tuna kina amarya, na fito da ma'auni zan gyara miki kusurwa? Kika ture ni da gwiwar hannu kika ce, "Malam, naka na alloli ne, nawa na tururuwa masu cin garin. Matsa, kana tare mini haske." Na daina yarda da haikali, da malamansa, da littattafan da suka cinye idona. Ke kaɗai kika rage, ya sanyin kogin Kaberi a watan zafi. Me zan kalla in natsu in babu ke?

Ba zan sake tambayar ƙasa labarinki ba. Gobe zan shigo. Ni zan fara gaishe da Natesan, in ci abincinsa in ya ba ni, in haɗiye duk abin da ya faɗa. Ki ce masa ya ajiye mini kujera kusa da gadonki.

Naki har ranar da za a kai ni bakin kogi,
Sambasibam